Tambaya da Amsa: In shiga sabon wasan katunan musaya, ko in rufa wa aljihuna asiri?

Wasiƙun wannan karon yawancinsu daga Damagaram suka fito, kuma duk a kan abu ɗaya: wasannin katunan musaya irin su Pokémon, Yu-Gi-Oh! da Magic, waɗanda matasa ke gani a waya suna sha'awa. Mun zaɓi shida daga ciki, mun taƙaita wasu.

Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Jami'ar André Salifou. Na daɗe ina kallon wasannin nan a YouTube, ina so in fara. Ba gasa nake nema ba, wasan yamma kawai a fadarmu bayan la'asar. Na tara jika 30, na zaga ban ga butik da ke sayar da su ba, amma ina da yaya a Faransa da zai zo hutu. In fara? In eh, wanne zan ɗauka? (Ɗalibi, Garin Malam)

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka faɗa mana kuɗin da ka tara, ba ka faɗa mana mutum nawa ka tara ba, kuma lissafin daga nan yake farawa. Belot ya zauna a fada ne domin fakiti ɗaya mai kati 32 ya ishi mutum huɗu, kowa ya san dokar, wanda ya shigo yanzu yana iya karɓar kujerar wanda ya tashi. Katunan musaya ba haka suke ba. Kowane ɗan wasa yana zuwa da nasa dek, wato tarin katunan da ya haɗa zai yi yaƙi da su, kuma kowane kati da rubutun dokarsa a jikinsa, sai an karanta an gane. In kai kaɗai ne mai sha'awa, jika 30 ɗinka takarda mai hoto za ta saya maka, ka riƙa kallo a ɗaki.

Saboda haka kafin ka aika wa yayanka saƙo, yi gwajin mako uku wanda kusan ba zai ci maka komai ba. Ka fara koyon doka a waya: Pokémon na da Pokémon TCG Live, Magic na da Arena, Yu-Gi-Oh! na da Master Duel, dukkansu kyauta ake saukewa kuma suna da darasin farawa. Daga nan ka samo jerin katunan dek biyu na masu farawa, ka kai wurin mai fotokofi. Katin Pokémon da na Magic faɗinsa milimita 63, tsawonsa 88, don haka tara ke shiga takardar A4 ɗaya, uku-uku. Dek mai kati 60 takarda bakwai ke nan, dek biyu sha huɗu, baƙi da fari ma ya isa. Ka gaya wa mai injin ya buga a kan girman ainihi, kashi 100, kada ya bar injin ya daidaita hoton da takarda, domin a nan ne katunan ke fitowa ƙanana ko su zarce. Ka yanka da almakashi, ka liƙa kowane a kan tsohuwar karta ko kwali don ya yi ƙarfi.

Sai ka kai fada. Ku buga kamar goma tsakanin mutum uku ko huɗu. Kada ka tambayi kowa ko ya ji daɗi, kunya za ta sa ya ce eh. Abin da za ka duba shi ne a mako na uku: akwai wanda ya ce maka "ina katunan nan?" ba tare da kai ka tayar da maganar ba? In mutum biyu suka tambaya, fara. In ɗaya ne, fara da ƙaramin kuɗi. In ba kowa, ka huta, kuɗinka na aljihunka.

Yanzu wanne. Pokémon, wanda ya fito a Japan a 1996, shi ne mafi sauƙin koyarwa. Dek kati 60 cif, ba a wuce kwafi huɗu na kati ɗaya sai katunan Energy na asali, waɗanda dodanni ke buƙata kafin su kai hari, ana ajiye kati shida gefe a matsayin lada, wanda ya fara kwashe shidansa ya ci. Wasa ɗaya ba ya wuce minti ashirin zuwa talatin, ya dace da tazarar la'asar zuwa magariba. Akwai akwatinsa na masu farawa, Battle Academy, wanda a bugun Faransanci ake kira Académie de Combat: dek uku cikakku, allon wasa, da littafin da ke jan hannun mutum mataki-mataki a wasan farko. A Turai kuɗinsa na kai wajen yuro 25. Yuro ɗaya sefa 656 ne, ka ga jika 16 da ɗoriya ke nan, mutum uku sun samu abin wasa daga akwati guda.

Yu-Gi-Oh! shi ne wanda matasa suka fi sani saboda zanen talabijin, kuma shi ne wanda muke ja maka kunne a kansa. Wasan da ke cikin talabijin da wanda ake bugawa yau sun yi hannun riga. Konami ta fara shi a 1999, ba ta taɓa fitar da tsofaffin katuna daga wasa gaba ɗaya ba, sai dai ta haramta wasu ta taƙaita wasu, don haka katuna dubbai ke aiki tare. Rubutun jikinsu ƙanana ne kuma dogaye, juyin mutum ɗaya kan kai minti biyar ko goma yana jera kati kan kati, abokin wasa na zaune yana kallo. Ga wanda ya ƙware, daɗin ke nan. Ga sabon shiga a fada, shayi zai koma sha. Dek ɗinsa kati 40 zuwa 60, kwafi uku na kati ɗaya, kowa na farawa da maki 8,000. Akwatin da ake kira Structure Deck yana da araha, wajen yuro 10 zuwa 12, amma yawancin katunan ciki kwafi ɗai-ɗai ne, shi ya sa masu wasan ke sayen akwati uku iri ɗaya su haɗa dek guda mai ƙarfi. In ku biyu za ku sayi ɗai-ɗai ku tsaya a haka, ba laifi, ƙarfinku zai zo ɗaya.

Magic: The Gathering shi ne kakansu duka, Richard Garfield ya ƙirƙira, kamfanin Wizards of the Coast ya fitar a 1993. Ya fi Pokémon zurfi, bai kai Yu-Gi-Oh! rikici ba. Starter Kit ɗinsa dek biyu ne masu kati 60 a kwali ɗaya. Yana kuma da salon da ya fi kama da zaman fada, Commander, inda mutum huɗu ke bugawa tare, kowa da kati 100 da maki 40. Sai dai kada ku fara da shi: dek ɗaya kan kai yuro 40 zuwa 50, kusan duk kuɗinka, wasa ɗaya kuma kan ci awa ɗaya zuwa biyu.

Sababbin shigowa biyu ne ke tashe. One Piece na Bandai ya fito a 2022: katin jagora ɗaya, dek 50, da katunan DON!! goma da ake amfani da su wajen fito da sauran katuna. Lorcana na Ravensburger ya fito a 2023, kati 60, wanda ya fara tara maki 20 ya ci, kuma tun ranar farko akwai shi da Faransanci. Dukansu suna da sauƙi, amma yawancin akwatunan farawarsu na mutum ɗaya ne, sai ka sayi biyu.

Namu ra'ayin: ka ce wa yayanka Académie de Combat, ko Starter Kit na Magic in abokanka masu son dogon tunani ne irin ƴan dara. Ka jaddada masa bugun Faransanci, domin wasan karatu ne, in mutum ɗaya kaɗai ke jin Ingilishi a fadar, shi zai zama ɗan wasa kuma alƙali, rigima ba za ta ƙare ba. Ka sa ya haɗo da rigunan leda na katuna. Abin da ya rage daga jika 30 ɗin ka riƙe shi wata uku tukuna. Kada ka bari ya cika maka canjin da ƙunshin sa'a, wato ƙananan ƙunshin da ba a san abin da ke ciki ba, dalilin na nan ƙasa.

Wani abokina ya ce gara mu shiga wasan da ya fito yanzu-yanzu maimakon tsofaffi, wai katunan farko za su yi tsada nan gaba kamar yadda na Magic suka yi. Gaskiya ne? (Mai gyaran waya, Sabon Gari)

Abokinka yana ƙirga waɗanda suka rayu ne, ya manta da maƙabarta. Gaskiya ne katin Black Lotus na Magic, bugun 1993, ya zama dukiya. Amma bayan nasarar Magic, kamfanoni da dama sun fitar da nasu wasannin a tsakiyar shekarun 1990, yawancinsu ba su yi ƙarko ba. Kuma babban suna ba ya hana mutuwa. Wasan katunan World of Warcraft ya fara a 2006, aka rufe shi a 2013. Na Transformers, wanda kamfanin da ke yin Magic ɗin da kansa ya fitar a 2018, ya tsaya a 2020. Ranar da kamfani ya ce ya daina bugawa, masu saye kan watse, farashi ya faɗi.

Akwai kuma tarkon farkon fitowa. Lokacin da Lorcana ya fito a 2023 kaya sun yi ƙaranci, farashi ya hau sama da wanda kamfani ya sa, daga baya aka sake bugawa ya sauko. Wanda ya yi gaggawa shi ya biya kuɗin ƙarancin. Kuma katin da zai yi daraja sai wanda bai taɓa wasa ba, ba ƙarzuwa, ba lanƙwasa, kai kuwa a kan tabarma za ka buga naka. Sannan ko ya yi tsadar, wa zai saya a hannunka? Babbar kasuwar katuna ta Turai a intanet, Cardmarket, sai mai adireshi a can.

Sabon wasa na da alherinsa, ba mu musa ba. Katunan ba su da yawa, kana iya sanin dukkansu cikin mako biyu, ba wanda ya riga ka da shekara ashirin. In wannan ne ya ja ku, madalla. Ku dai jira fitowa ta uku, wato kamar wata takwas zuwa shekara, ku ga ko kamfanin na cika alƙawarin lokaci, ko akwatin farawa na samuwa a farashinsa na gaskiya, ko akwai shi da harshen da kuke karantawa.

Wani abu da zai kwantar maka da hankali: mutuwar wasa bala'i ne ga ɗan gasa da ɗan kasuwa, ba ga mai wasan yamma ba. Dek biyun da ke hannunku ba su san kamfani ya rufe ba. Android: Netrunner ya tsaya a 2018, masoyansa suka ɗauke shi, yau ƙungiyar Null Signal Games ke fitar da sababbin katunansa, har da fayil ɗin da mutum zai sauke ya buga da kansa da izininsu. Haka nan dokar juyi, wadda ke fitar da tsofaffin katuna daga gasa (a Magic bayan shekara uku, a Pokémon kowace shekara bisa harafin da ke ƙasan kati ta hagu), ba ruwanta da fadarku. Ba alƙalin da zai zo Sabon Gari ya duba harafi.

Mene ne laifin sayen ƙananan ƙunshin da ba a san abin da ke ciki ba? Ni a nan daɗin yake. (Ɗan lise, Zango)

Daɗin na nan, ƙanenmu, kuma da gangan aka gina shi. Amma cinikin biri a sama ne, bari mu yi lissafi. Ƙunshin Pokémon na yanzu kati goma ne, da Energy ɗaya a kai, farashinsa a Turai wajen yuro biyar zuwa shida, wato tsakanin sefa 3,300 da 4,000. Kowace fitowa kan ƙunshi katuna daban-daban kusan ɗari biyu, wani lokaci fiye. Yawancin abin da ke cikin ƙunshi na gama-gari ne, mai wuyar samu ɗaya ko biyu. Kai kuma ba kwafi ɗaya kake buƙata ba. In katin da dek ɗinka ya dogara da shi kwafi ɗaya ne cikin 60, damar ka gan shi a hannun farko mai kati bakwai ba ta kai kashi 12 cikin ɗari ba. In huɗu ne, ta kai kusan kashi 40. Shi ya sa dek mai aiki yake cike da huɗu-huɗu, kuma shi ya sa ƙunshi biyar, jika 18 ko 20, ke ba ka kati hamsin da ba sa jituwa: wannan na wuta, wancan na ruwa, ga babban dodo ba ƙaraminsa da zai rikiɗa daga gare shi. Da kuɗin nan ka sayi akwatin da mutum uku za su yi wasa da shi a daren.

Tsarin da ya fi: dek haɗaɗɗe da farko, a buga shi sau ashirin ko talatin har ka san katunan da ke zaman banza a hannunka. Sannan ka rubuta sunayen biyar ko shida da kake son maye gurbinsu da su, a sayo maka su ɗai-ɗai. Katunan gama-gari a kasuwar ɗai-ɗai ƴan santim ne, kuɗin aikawa ya fi kuɗinsu, don haka ku haɗa jerin fada gaba ɗaya a yi oda guda. In kana son buɗe ƙunshi don nishaɗi, ka ɗauke shi kamar kuɗin tsire, an ci an gama, ɗaya a salla ɗaya a ƙarshen shekarar karatu.

Ɗana mai shekara 11 ya dame ni in saya masa katunan nan. Ni dai karta na sani, kuma mun taso ana hana mu. Wannan ba caca ba ce? (Uwa, Birni)

Hajiya, tambayarki a kan hanya take, kuma ba ke kika fara yin ta ba: a 2001 hukumar fatawa ta Saudiyya ta haramta Pokémon, caca na cikin dalilan da ta kawo. Hukunci na malamai ne. Abin da za mu iya shi ne mu warware miki yadda abin yake, don in kin je wurin malam ki kai masa bayani daidai, har da katunan a hannu in ya yiwu.

Wasan kansa, yadda dokarsa take a rubuce, ba a zuba kuɗi, ba wanda ke cinye kayan wani. An gama kowa ya tattara katunansa. Akwai sa'a wajen abin da mutum ya zaro, sauran kuwa karatu ne da lissafi da tsara dabara. Amma akwai ƙofa uku da abin da kike tsoro ke shigowa. Ta farko ƙunshin sa'a, a biya kuɗi ba a san abin da ke ciki ba, ana fatan a dace da mai tsada. Irin wannan tsari ne a wasannin bidiyo hukumar caca ta Beljiyam ta ɗauka a matsayin caca a 2018. Ta biyu, yara su sa kati a tsakiya, wanda ya ci ya ɗauke. Magic ma da wannan doka ya fara a 1993, daga baya kamfanin ya cire ta. Ta uku musaya, inda babba ke yi wa ƙarami wayo ya karɓi kati mai daraja ya ba shi tarkace masu ƙyalli.

Duk ukun ana iya rufe su. Ki sayi akwatin da abin cikinsa sananne ne, kowane kwali iri ɗaya, ba sa'a a ciki. Ki kafa doka ba a wasan ci-ka-ɗauka, ba a musaya sai gaban babba, ba a kai su lakwal, kuma in an kira salla an ajiye.

Sai maganar hotuna da labarin da ke bayansu, nan wasannin sun bambanta ƙwarai. A Magic ɗan wasa yana matsayin matsafi ne mai jifa da sihiri, akwai aljanu da gawawwaki masu tafiya a wasu katunan, kwalinsa ma an rubuta daga shekara 13. Yu-Gi-Oh! na da dodanni da abubuwan da aka aro daga gumakan tsohuwar Masar. Pokémon dabbobin ƙirƙira ne, an rubuta daga shekara 6, Lorcana kuma zanen Disney ne, daga shekara 8. Ki duba da idonki kafin ki biya. Kuma ki tambaye shi da wa zai yi wasan. In ba shi da amsa, kwalin zai ƙare a ƙarƙashin katifa cikin mako biyu.

Na ga katunan Pokémon da Yu-Gi-Oh! a teburin mai kayan wasan yara, ƙunshi ɗaya dala ɗari. In saya? Kuma yaya ake adana su a zafin nan namu? (Ɗan kabu-kabu, Kara-Kara)

Abin da ake sayarwa yuro biyar a inda ake buga shi ba zai ƙetare teku da hamada ya iso kan sefa 500 ba. Jabu ne, ko ba ka buɗe ba. In kana son tabbaci, ga alamomi. Katin Pokémon na gaske takarda biyu ce aka manne da siririn baƙin layi a tsakiya, ana ganinsa a gefen kati in an duba da kyau. Ka haska fitilar waya ta bayansa: na jabu haske na ratsa shi sosai. Ka duba ko harafin é na Pokémon na da alamarsa, ka duba lambar HP, wato ƙarfin ran dodon, in ka ga dubbai ƙarya ce. Ƙunshin da kowane kati a ciki ke ƙyalli, ko katunan roba masu ruwan zinariya, galibi ba na kamfani ba ne. Na Yu-Gi-Oh! na gaske yana da ɗan murabba'i mai ƙyalli a kusurwar ƙasa ta dama, ruwan zinariya ko azurfa, jabun kan zo da shi a zane kawai ko babu, rubutunsa kuma cike da kurakurai. A Magic, tun 2014 katuna masu wuyar samu na da ɗan tambari mai ƙyalli a ƙasa ta tsakiya.

Babbar matsalar jabun ba ƙaryar ba ce kaɗai, ba sa buguwa. Masu yin su dodanni masu ƙyalli suke cikawa domin su yara ke so, alhali dek ɗin Pokémon rabinsa ko fiye katunan Trainer ne masu taimaka wa dodanni, waɗanda bugun Faransanci ke kira Dresseur, ga Energy kamar goma. Sai ka tara ɗari biyu ka kasa haɗa dek ɗaya. Fotokofin da ka buga da kanka ya fi su amfani, domin kai ka zaɓi abin da ke ciki, kuma ba wanda zai ruɗu ya ɗauka na gaske ne. Kada dai a sayar da shi ko a yi musaya da shi.

Adanawa kuwa, abokan gabarka huɗu ne: ƙura, gumi, sauyin iska, da gara. Rigar leda ita ce farko. Girma biyu ne, kuma nan mutane ke asara: Pokémon, Magic, One Piece da Lorcana na shiga mai milimita 66 da 91, Yu-Gi-Oh! kuwa katinsa ƙarami ne, 59 da 86, rigarsa 62 da 89. Ka sa ƙaramin kati a babbar riga, zai riƙa yawo ƙura na shiga tana ƙarzar fuskarsa. Dek mai 60 ka saya masa riga 100 launi ɗaya, domin suna tsagewa, in ka maye da wani launi kowa zai gane katin ta baya.

Kada ka cakuɗa su yadda ake yi wa kartar belot, a lanƙwasa a saki. Raba dek biyu, ka zura rabi cikin rabi ta gefe a hankali, sau bakwai ko takwas. Ku shimfiɗa tsohon zane ninki biyu a kan tabarma, kofin shayi kuma nesa da shi.

Katuna masu ƙyalli za su lanƙwashe, kada ka ɗauka jabu ne. Takardar bayansu na shan laima ta kumbura, ta bushe ta tsuke, fuskar mai ƙyalli kuwa ba ta motsi, sai katin ya gantsare. Da damina, a Yuli da Agusta, ka sa ɗan ƙunshin silika irin wanda ke zuwa cikin kwalin takalmi a robar da kake ajiya. Da hunturu ka cire shi, iskar ta riga ta bushe, silika ƙara lanƙwasa su zai yi. Wanda ya gantsare a danne shi cikin littafi mai nauyi kwana biyu. Roba mai murfi ta abinci ta isa wurin ajiya, a ɗora ta a kan kanta, ba a ƙasa ba, ba jikin bangon laka ba. Kada ka ɗaure su da robar ɗaure kuɗi, tana cin gefe, a zafin Afrilu da Mayu kuma narkewa take ta manne. Kai da ke kan babur, ƙarƙashin sirdi shi ne wuri mafi muni.

Mu biyar muka fara Magic tare. Ɗayanmu yana da mai aiko masa da katuna daga waje, yanzu kullum shi ke ci, biyu sun daina zuwa. Mu bar wasan ne? (Fadar matasa, Tudun Jamus)

Wannan ita ce cutar da ta fi kashe wasan a ƙananan ƙungiyoyi, kuma ba laifin abokinku ba ne, haka aka gina kasuwar: mai ƙarin katuna na da ƙarin zaɓi. Maganin gaggawa, daga yau ku riƙa musayar dek bayan kowane wasa, wanda ya ci ya miƙa nasa ga wanda aka cinye. Cikin kwana biyu za ku gane ko dek ne ke ci ko mutumin, shi ma zai daina ɗokin ƙara masa ƙarfi tun da a kansa zai dawo. Na biyu, ku gwada salon Pauper, inda katunan gama-gari kaɗai ake yarda da su, mai tsada ba ya shiga ko an aiko da shi.

Maganin da ya fi daɗewa shi ne akwatin fada, abin da masu Magic ke kira Cube. A zuba katuna wuri ɗaya, kwafi ɗai-ɗai, kowane launi cikin launuka biyar na Magic ya samu kaso daidai. Kowane ɗan wasa na buƙatar 45, don haka ku biyar 225 ke nan, mutum takwas 360. A cakuɗa, a raba wa kowa tari uku masu kati 15. Kowa ya ɗauki tarin farko, ya zaɓi kati ɗaya, ya miƙa sauran ga na hagunsa, har tarin ya ƙare. Tari na biyu a miƙa dama, na uku a koma hagu. Daga 45 ɗin da ka zaɓa ka ware 23 masu launi biyu, ka ƙara katunan ƙasa 17, waɗanda ke ba da ƙarfin fito da sauran katuna, daga tarin da aka ajiye gefe na kowa da kowa, dek mai 40 ya haɗu. An gama wasa komai ya koma akwati. Katunan da ake aiko wa abokinku sun zama na kowa a daren, kuma ba dare biyu da za su zo iri ɗaya.

Inda ake samun matsala biyu ne. Riguna dole su zama iri ɗaya launi ɗaya duka, har da na katunan ƙasa, don haka ku tanadi kamar 350, ku yi karo-karo kamar adashi, jika ɗai-ɗai a wata har su cika. Sannan mallaka: kafin kati ya shiga akwati a rubuta sunansa da na mai shi a littafi, a ƙirga akwatin duk ranar da aka tashi, mutum ɗaya ke riƙe shi. Ranar da wani zai koma Yamai ko Maraɗi da zama, a buɗe littafin a ba shi nasa, a cike gurbin da fotokofi har a samu na gaske. Su biyun da suka daina zuwa kuwa, ku kira su ranar da za a fara zaɓen katunan da za su shiga akwatin, kowa ya ɗauki launi ɗaya ya tsara shi.